Katako, Ƙaro da Ruwa: Buga Zane Ba da Inji Ba

Ƙaron nan da makiyaya ke ɓamɓara a jikin ɗakwara, wanda almajiri ke jefawa cikin kurtu don tawada ta kama allo, shi ne ake fitarwa daga Sudan da Chadi da Najeriya zuwa Turai. Kaso mai yawa yana tafiya cikin alewa da lemon kwalba da magunguna. Wani kason kuwa ana kwaɓa shi da garin launi, a zuba a 'yan kwalaye, a dawo mana da shi da sunan fentin ruwa, malamin zane ya ce ɗalibai su saya. Ashe fentin ruwa da tawadar allo haɗinsu ɗaya: gari mai launi, ƙaro, sai ruwa.

Abin da ya sa na kawo wannan, akwai wata sana'a da ba mu saba da ita ba, alhali kayanta na zube a ƙofar gidanmu. A Mashi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, ba a rasa masassaƙin da ke fitar da turmi da akushi da allo, ba a rasa alaramman da ya san kan tawada, ba a rasa mai zayyanar da ake kai wa allo idan yaro ya yi sauka. Kowa harkar gabansa yake yi. Da za a zaunar da su ukun a zaure ɗaya a ba su aiki ɗaya, abin da zai fito shi ne bugun katako: a sassaƙa zane a fuskar katako, a shafa masa launi, a ɗora takarda a murza, zanen ya tashi a jikinta, a sake da wata takardar, har ɗari ko fiye.

Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce. Hatimin da ake dangwala wa takarda a ofishin hakimi ko na shugaban makaranta haka yake aiki. Wurin da aka bari a tsaye shi ke ɗaukar tawada, wurin da aka ƙwaƙule ya fito fari, kuma dole a yanka rubutun a juye, dama ta koma hagu, kafin ya karantu a takarda.

Mutanen Sin sun daɗe a kanta. Akwai wani naɗaɗɗen littafin addinin Buda da aka samo a wani kogo a Dunhuang, yanzu yana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, yana ɗauke da shekarar bugunsa, 868 Miladiyya, kuma da katako aka buga shi. Musulmi ma sun taɓa ta. Daga wajen ƙarni na 10 zuwa na 15, musamman a Masar, an riƙa buga ayoyi da addu'o'i a dogayen takardu sirara, a naɗe a yi laya. Nan kusa kuwa, Bahaushen da fataucin goro ya kai Kumasi ya san yadin adinkira na Asante. A garin Ntonso har yau da sakaina suke sassaƙa hatimansu, su tsoma cikin baƙin ruwan da aka dafa daga ɓawon itace, su dangwala wa yadi layi-layi.

Amma waɗanda suka ƙure gwaninta wajen bugun launi da fentin ruwa su ne Japanawa. A 1765, a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, aka fara fitar da zanen Suzuki Harunobu cikin launuka da yawa a takarda ɗaya, kasuwa kuwa ta buɗe. Aikin na mutum huɗu ne: mai jari da ke ba da kwangila yana sayarwa, mai zane, masassaƙi, da mai bugu. Wajen 1831 aka fitar da zanen Hokusai na wata ƙatuwar igiyar teku da ta taso za ta rufta wa jiragen masunta, da Dutsen Fuji ɗan mitsitsi daga nesa, cikin wani shuɗi da aka shigo da shi daga Turai. A lokacin, kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliya ya isa talaka ya sayi irin wannan takarda ya manna a ɗakinsa. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon kwafi ɗaya a Amurka a kan dala miliyan 2.76, sannan tun Yulin 2024 zanen yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000. Duniya ta san Hokusai. Wanda ya zauna da wuƙa ya fitar da kumfar igiyar nan ɗaya bayan ɗaya a juye, ba a rubuta sunansa a jikin takardar ba, ni kuwa a ganina rabin yabon nasa ne.

Ga yadda aikin ke tafiya. Mai zane zai yi zanensa da baƙar tawada a takarda mai shara-shara. Masassaƙi ya shafa wa katako kullun shinkafa dafaffe, ya kifa takardar a kai, fuskarta ƙasa. Idan ta bushe sai ya jiƙa ɗan yatsa ya riƙa murje bayanta a hankali har layukan su bayyana, kuma tun da a kife take, juyawar ta riga ta yi kanta. Daga nan wuƙa ta shiga. Yana bin kowane layi ta gefe biyu, yana karkata bakin wuƙar waje, don layin ya tsaya da faɗin gindi kada ya karye wajen murza. Sauran filin sai a kwashe shi da cizal. Zanen asali a nan yake ƙarewa, domin wuƙa ta cinye shi. Wannan katako na farko shi ke ɗauke da baƙaƙen layuka, kuma daga bugunsa ake fitar da taswirar sauran, kowane launi da nasa katakon. Zane mai launi biyar fuska biyar yake ci ko fiye, shi ya sa ake sassaƙa katako ciki da bai.

To, ta yaya ja zai faɗa daidai gurbinsa, shuɗi ma haka, alhali takardar za ta yi ta yawo daga wannan katako zuwa wancan? Amsar 'yar ƙarama ce, kuma ita ce ginshiƙin sana'ar. A gefen kowane katako ana yanka tsaga biyu marasa zurfi, ɗaya mai kusurwa a ƙasa ta dama, ɗaya miƙaƙƙiya a gefen ƙasa. Japanawa suna kiransu kento. Mai bugu zai riƙe takarda tsakanin yatsu, ya cusa kusurwarta a tsagar farko, ya jingina gefenta da ta biyu, sannan ya sake ta ta kwanta. In aka yanka tsagogin nan daidai a duka katakan, launi ba zai zarce layi ba. In aka kuskure su da kaurin farce, sai ka ga rawani ya zame daga kan mai shi a dukkan kwafi ɗarin.

Wurin bugun ne aka rabu da Turawa. Su tawadarsu ta mai ce, mai danƙo, ana mulka ta da roba mai gangarawa, a matse da injin ƙarfe, ta zauna a saman takarda. A wurin Japanawa kuwa komai a jiƙe yake. Tun daren jiya ake shafa wa takardu ruwa, a jera su tsakanin jaridu masu danshi, a naɗe, su kwana su yi laushi, ta yadda in ka taɓa da bayan hannu za ka ji sanyi amma ba za ka ga ruwa ba. Katakon ma sai an shayar da shi. Sannan a ɗiga fenti nan da can a wurin da aka sassaƙa, a ɗiga kullun shinkafa kamar ƙwayar wake, a sa buroshi mai gashin doki a gauraya su a kan katakon, a zagaya, a ƙare da shara mara nauyi don layin buroshi ya ɓace. A ɗora takarda, a ɗauko baren. Shi baren kamar ƙaramin faifai yake, wanda bai wuce tafin hannu ba: igiya ce murɗaɗɗiya aka naɗe zagaye-zagaye, aka rufe da ɓawon gora. Ƙullin igiyar ne ke danna launi cikin zaren takardar idan ana murzawa da nauyin kafaɗa. Saboda haka in ka juya bugu na gaske za ka ga launin ya leƙo ta baya, da sawun murzar.

Kullun nan shi ne linzami. In babu shi, launi ya fito ɗigo-ɗigo, wanda wani lokaci da gangan ake nema. In ya yi yawa, ya taru a bakin layi ya yi dumbu-dumbu. Kuma da ruwa kawai ake samun abin da ya fi ƙawata zanen Hiroshige, wani mai zanen na Japan, wato sararin sama mai duhu daga sama yana washewa a hankali har ya ɓace. Ba sassaƙa shi ake yi ba. Mai bugu ne ke goga tsumma mai lema a ɓangare ɗaya, ya sa fenti a ɗaya ɓangaren, ya yi ta kai buroshi da komowa har su haɗu a tsakiya. Kowace takarda sai an maimaita mata wannan da hannu. Ana farawa da launuka masu haske, masu duhu su biyo baya, kuma saboda fentin ruwa ba ya rufe na ƙarƙashinsa, shuɗi a kan rawaya kore yake bayarwa ba tare da an sassaƙa wa kore katako ba.

Yanzu mu dawo gida. Japanawa sun zaɓi icen ceri na daji ne don naman sa a matse yake kuma yana jure ruwa. Mu kuwa muna da aduwa, wadda aka daɗe ana allo da ita, ana wanke ta safe da yamma shekara da shekaru. Itacen da ya ci wannan jarrabawar ya cancanci a gwada shi. Maɗaci ma abin gwadawa ne, sai dai yana da 'yan ƙofofi da za su fito a bugu. Ba kuma sai an sare bishiya ba, a ƙasar da hamada ke matsowa. Guntayen da suka rage a wurin kafinta sun isa ɗan koyo, in an goge su da sanfefa sun yi sumul. Buroshin goge takalmi yana iya aikin buroshinsu, bayan cokalin katako ya tsaya a madadin baren kafin a haɗa na igiya, sitacin masu guga ya maye kullun shinkafa. Baƙi kuwa ga tawadar allo, in an niƙa gawayin ya yi laushi an tace da ƙyalle. Baƙin Japanawa ma daga kunkunniyar hayaƙi ne da danƙon fata. Shuni da jar ƙasa da karan dafi na dukawa duk abin gwadawa ne, a sani dai launin da aka samo daga tsiro yakan koɗe in ya daɗe a rana.

Takarda ce matsala. Ta Japanawa daga ɓawon wani itace ake yin ta da hannu, zarenta dogo, tana shan ruwa da murza sau goma ba ta yage ba. Takardar littafin makaranta kuwa murza biyu za ta saɓule. Magabatanmu sun san takarda mai kyau, domin littattafan hannu da yawa na ƙasar nan a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku aka rubuta su, wadda fatake ke ratso Sahara da ita. Yau sai a nemi takardar zane mai kauri, ko don gwaji a samu irin ruwan-ƙasar nan mai ƙarfi da masu tsire ke ƙunshi da ita, sabuwa wadda mai bai taɓa ba.

Matsala ta biyu iska. Cikin hunturun Mashi, fentin da ka shafa zai bushe kafin ka ɗauko takarda, ita ma takardar tana bushewa tana tsukewa, sai launi na uku ya ƙi hawa kan na farko ko da kento lafiya lau yake. Maganin shi ne a yi bugu da sassafe a ɗakin ƙasa, a yayyafa ruwa a daɓe, a rufe ƙofa, takardu su zauna cikin leda, a zaro ɗaya a buga a mayar. Da damina kuma akasin haka, jiƙaƙƙiyar takarda in ta yi 'yan kwanaki a leda fumfuna za ta yi, don haka a jiƙa iya abin da za a gama.

Zanen bugu yana da tarihi a Arewa. A kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna cewa a ɗauki dabarar baƙi a zuba mata abin gida. Onobrakpeya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu bugu na Afirka, kuma tun 1998 yake tara masu zane a Agbarha-Otor ta Jihar Delta suna koyon juna. Sai dai hanyar da aka fi koyarwa a makarantunmu ta tawadar mai ce, mai buƙatar kayan kanti da kananzir na wankewa. Malamin firamare da ba shi da kasafin kayan zane, ta ruwa ce daidai da shi, bokiti ɗaya ya wanke komai.

Wani zai ce, ai mu ba ma zanen mai rai. Ba a tilasta wa kowa ba. Dagi da aska takwas na wuyan riga, da zanen da magina ke yi a fuskar soro, da rijiyar Kusugu ta Daura, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da kuka tsaye a gona bayan girbi, sun isa mutum ya yi shekaru yana sassaƙa. Inda nake ganin a yi hattara shi ne zayyana. Mai zayyana yana ɗaukar lokaci a kan allo ɗaya, iyaye kuma darajar hannun nan suke biya, don haka ba na goyon bayan a mayar da ayoyi abin dangwalawa, ko da mutanen Masar sun yi. Amma adon gefe, murabba'ai da da'irori masu ja da rawaya da kore, in mai zayyanar ya zana su da kansa, masassaƙin garinsu ya yanka, za a iya buga su a takarda a yi shaidar sauka ko katin ɗaurin aure, a bar fili a tsakiya malam ya rubuta suna da alƙalaminsa. A ƙasan kowace takarda kuma a sa sunan mai zane, da na masassaƙi, da na wanda ya murza.