Adalci Tsakanin Maza da Mata a Tambayoyin Sababbin Ɗalibai

Jami'o'i da dama a Amurka suna ba sababbin ɗalibai takardar tambayoyi kan himmar karatu, matsalar kuɗi da kewar gida, domin gano masu iya barin makaranta tun ba su kammala ba. Kafin a amince da ita, akan ɗauki maza da mata masu jimlar maki ɗaya, a duba ko wata tambaya ta raba su. Idan maza sun fi ɓoye damuwarsu, amsar za ta yaudari lissafin. Sai kuma hanyar da wata mai bincike, Anne Cleary, ta tsara a 1968: a jira shekara ta zagayo, a ga ko hasashen barin makarantar ya tabbata daidai ga kowane jinsi. Tambayar da ta karkata a gyara ta ko a cire ta.