Murfi Na Cewa A'a, Na'ura Na Biya

Masu karatu da suka bi hanyar Kaduna zuwa Kano kafin gwamnatin Obasanjo ta ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗin hanya a 2003 za su tuna yadda direba kan tsaya, ya miƙa kuɗi, a ba shi rasit. To, a ƙasashe da dama yanzu ba a tsayawa. Wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba ake mannawa a gilashin gaban mota daga ciki. Idan motar ta ratsa ƙarƙashin wani ƙarfe da aka gitta bisa hanya, sai na'urar ta aika da lambarta ta iska, a cire kuɗin daga asusun mai motar. A Amurka wadda ta fi shahara ita ce E-ZPass, da aka soma aiki da ita a Jihar New York a 1993.

Da yake na'urar roba ce marar fasali, sai 'yan kasuwa suka shiga yi mata murfi na ado: wani da tutar ƙasa, wani da tambarin ƙungiyar wasa. Siyasa ma ba a bar ta a baya ba, har ana sayar da murfi mai ɗauke da kiran a ƙaurace wa wani kamfani ko kayan wata ƙasa. Kamar dai rubutun bayan manyan motocinmu ne, mai mota na faɗa wa duniya abin da ke ransa.

Sai dai akwai abin lura. An yi murfin ne yadda ba zai tare saƙon na'urar ba. Ko mene ne aka rubuta a bisansa, tana nan a ciki tana biya. Iyakar abin da mai motar ya sadaukar shi ne kuɗin murfin.

Domin mu ga yadda ƙauracewa ta gaske take, bari mu leƙa Afirka ta Kudu. A ranar 3 ga Disamba 2013 hukumar hanyoyi ta ƙasar, SANRAL, ta soma karɓar kuɗi ta irin wannan na'ura, da suke kira e-tag, a manyan hanyoyin Johannesburg da Pretoria cikin lardin Gauteng, domin biyan bashin da aka ci wajen gyara su. Jama'a suka ce ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba. Ƙungiyar OUTA, wadda aka kafa a 2012, da ƙungiyar ƙwadago ta COSATU suka roƙi direbobi kada su karɓi na'urar. Sashen Adalci da Salama na taron Bishop-bishop na Katolika a yankin shi ma ya fito fili ya soki tsarin a 2013.

Wanda ya ƙi bai sha da daɗi ba. Kyamara na ɗaukar lambar motarsa, a aika masa takardar biya mai tsada fiye da ta mai na'ura, wasu har sammaci suka samu. Duk da haka yawancin direbobi suka ƙi biya shekara da shekaru. A Oktoba 2022 Ministan Kuɗi Enoch Godongwana ya sanar cewa gwamnatin ƙasa za ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari na bashin, lardin Gauteng kashi 30. A Afrilu 2024 aka daina karɓar kuɗin. Amma fa bashin bai ɓace ba, daga baitulmalin jama'a ake biyansa.

'Yan'uwa, Romawa sura 13 ta koya mana biyan haraji, don haka ƙin biya ba abin wasa ba ne ga mai bi. Shugabannin ikkilisiyar da suka sa baki a can sun yi haka ne a fili, da sunansu, bisa dalilan da suka bayyana. Kafin ka manna wa motarka kiran ƙauracewa, tambayi kanka: na binciki gaskiyar zancen? Wa zai cutu, mai kamfanin ko leburansa? Ni kaina na daina sayen kayan, ko kuwa suna nan a ɗakina? In ba ka da amsa, gara ka bar gilashin motarka yadda yake.