Taswirar Kifayen Ƙasan Teku: Yadda Ake Zana ta da Ƙididdiga da Abin da Take Nufi ga Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Kwango-Rasha a Jos da maraice zai ga mata masu suyar kifi a bakin hanya. In ya duba kaskon da kyau zai tarar akasarin abin da ake soyawa kifin ƙanƙara ne, wanda bai taɓa shan ruwan kogin Dilimi ba, bai kuma fito daga gonar kifi ta Panyam ba. Daga teku aka kamo shi, alhali tsakanin Jos da gaɓar teku akwai tazarar da ta wuce kilomita 500. Titus kifin saman ruwa ne mai yawo garke-garke, amma kuroka da fanla a can ƙasa suke zaune, kusa da laka ko yashi. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masana ke amfani da ƙididdiga wajen gano waɗanne kifaye ne ke zama tare a ƙasan teku, da yadda ake mayar da sakamakon ya zama taswira, da kuma dalilin da ya sa mai tsara dokar kare teku ba zai yi aiki mai kyau ba sai da ita. An zaɓi a yi bayanin da Hausa ne domin a gwada ko harshen zai ɗauki nauyin wannan fanni.

2.0 Kalmomin Aiki

Sarkawa ba baƙi ba ne ga tunanin da ke ƙarƙashin wannan ilimi. Basarken kogin Rima ya san tarwaɗa da gaiwa na son taɓo, tsage na son ruwa mai gudu, giwan ruwa kuwa sai gurbi mai zurfi. Ya kuma san in homa ta fito da wani kifi, to akwai wanda ba a rasa shi a kusa. Littafin da Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 kan kifaye da su a Arewacin Nijeriya ya tattara sunayen Hausa masu yawa na waɗannan kifaye. Sai dai harshen bai tanadi kalmomin teku ba, domin Bahaushe bai yi maƙwabtaka da shi ba. Saboda haka a nan za a kira kifayen da ake yawan samu tare da suna rukuni. Shimfiɗaɗɗen wurin da ya faro daga gaɓa har zuwa zurfin kimanin mita 200, kafin ƙasa ta zarce gangare, za a kira shi dakalin gaɓa. Wurin da ruwan ɗumi na sama ya haɗu da ruwan sanyi na ƙasa kuwa, shi ne shingen sanyi. Babban tarun da jirgi ke ja a ƙasan teku shi ne tarun ja.

3.0 Binciken Mashigin Gini na 1963 zuwa 1964

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin ayyukan farko a duniya na rarraba kifayen ƙasan teku ta hanyar ƙididdiga ya dogara ne kan binciken da aka gudanar daga Legas. A shekarun 1963 da 1964 jiragen su biyu na Faransa, Thierry da La Rafale, suka bi gaɓar Afirka ta Yamma daga kan iyakar Senegal da Gini-Bisau har bakin kogin Kwango, wanda unguwar da aka fara da ita ke ɗauke da rabin sunansa. An shata layuka fiye da sittin daga gaɓa zuwa cikin teku. A kan kowane layi sai a jefa taru a zurfafa daban-daban da aka ƙayyade tun farko, daga mita 15 ko 20 har zuwa mita ɗaruruwa, a ja shi na tsawon awa guda, a ƙirga abin da ya fito, a auna zafin ruwa da gishirinsa. An yi zagayen sau biyu domin a kama yanayi biyu na shekara. Frank Williams ne ya shugabanci aikin, rahotonsa kuma ya fito a Legas a 1968 ƙarƙashin hukumar kimiyya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

A wannan shekara ce Fager da Longhurst suka ɗauki bayanan suka yi musu lissafin da Fager ya ƙirƙiro. Lissafin ba shi da wuyar fahimta. Alal misali, a ce an sami kifi na farko a jan taru 40, na biyu a jan taru 50, kuma a 30 daga ciki sun fito tare. Sai a ninka 40 sau 50, a fitar da tushen adadin, wato kimanin 44.7, a raba 30 da shi, a sami 0.67. Daga nan sai a rage ɗan gyara saboda ƙarancin samfuri, wanda a nan ya kai 0.07, saura 0.60. Ƙa'ida ita ce, in sakamakon ya kai 0.5, ana ɗaukar kifayen biyu abokan zama ne. Ana maimaita wannan ga kowane kifi da kowane kifi, sannan a nemi taro mafi girma wanda kowa a cikinsa abokin kowa ne. Wannan taro shi ne rukuni. Mai karatu zai lura lissafin bai damu da yawan kifin ba, abin da ya sani kawai shi ne akwai ko babu. Wannan rauni ne, amma kuma shi ya tsare shi daga ruɗin da garke guda mai yawa kan jawo in taru ya faɗa kansa.

Sakamakon ya tabbatar da abin da Longhurst ya riga ya hango lokacin da yake aiki a Saliyo da Legas. A ruwan ɗumi mai laka, sama da shingen sanyi, akwai rukunin kuroka, na jinsin Pseudotolithus, tare da kifi mai gemu na jinsin Galeoides da tarwaɗar teku da kifin nan mai faɗi kamar tafin takalmi. A inda ƙasa ke da duwatsu akwai wani rukunin daban. Ƙarƙashin shingen sanyi, wanda a gaɓarmu yakan kasance tsakanin mita 30 da 50, sai jajayen kifaye na jinsin Dentex da Pagellus su karɓi wuri. Gaba da su akwai na ƙarshen dakali da na gangare. Akwai kuma 'yan ba-ruwanmu waɗanda ke ƙetare shingen sama da ƙasa. Abin lura shi ne, zurfi da zafin ruwa da irin ƙasa su ne suka raba rukunonin, iyakokin ƙasashe ba su taka wata rawa ba.

4.0 Daga Ɗigo Zuwa Taswira

Jan taru ɗigo ne kawai a kan teku, kuma tsakanin layi da layi a binciken 1963 akwai mil arba'in da ba wanda ya taɓa. A yau ana cike wannan giɓi da kwamfuta. Ana raba teku gida-gida kamar gurabun dara, a tattaro wa kowane gida zurfinsa da zafin ruwan ƙasansa da gishiri da iskar da ke narke a ruwan da irin ƙasarsa. Sai a sa kwamfuta ta koyi dangantakar waɗannan abubuwa da kifayen da aka kama a gidajen da aka jefa taru, sannan ta yi hasashen abin da za a samu a sauran. Gidajen da hasashensu ya yi kama ana ba su launi ɗaya. Don a gwada gaskiyar aikin, akan ɓoye wani kaso na bayanan, a ga ko kwamfuta za ta cinko su daidai.

A ganin mai wannan rubutu, taswirar da ba ta zo da 'yar'uwarta mai nuna inda hasashen ke da rauni ba, bai kamata a kafa doka a kanta ba. Tarun ja ba ya shiga duwatsu don kada ya yage, saboda haka rukunin duwatsu shi ne aka fi jahilta, ga shi kuwa launinsa a takarda yana fitowa raɗau kamar na sauran. Haka kuma taswira tana tsufa. A shekarun 1970 wani kifi mai taurin fata, Balistes, wanda bai taka kara ya karya ba a binciken 1963, ya mamaye ruwan Gana da maƙwabtanta, sannan ya ja baya a ƙarshen shekarun 1980. Jirgin bincike na Dr Fridtjof Nansen, wanda Norwe da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da aikinsa a 1975, ya sabunta wasu daga cikin bayanan wannan yanki, har da na ruwan Nijeriya.

5.0 Taswira da Dokar Kariya

Tsawon gaɓar Nijeriya ya kai kimanin kilomita 853, kuma tun 1978 ƙasar ta shata wa kanta mil 200 na teku a matsayin yankin tattalin arzikinta. Dokar Su a Teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana jan taru a mil biyar na farko daga gaɓa, sun kuma ƙayyade idon taru, milimita 76 ga kifi, 44 ga jatan lande. Dokar ta yi amfani, domin ta bar wa masu kwalekwale wurin su, ta kuma kare wani ɓangare na inda ƙananan kuroka ke girma. Amma layi ne da aka ja daidai wa daida. Dakalin gaɓa ƙunci gare shi a gaban Legas, faɗi gare shi a wajen Kalaba, don haka mil biyar a nan da mil biyar a can ba zurfi ɗaya suke rufewa ba. Rukunin jajayen kifaye na ƙarƙashin shingen sanyi kuwa kusan duk yana wajen layin.

A Disamba 2022 ƙasashen duniya suka amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, a 2023 kuma Nijeriya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku. Haɗarin da ke cikin irin wannan alkawari shi ne a cika adadi da wurin da ba wanda ke so. Niyu Zilan ta rufe kimanin kashi 30 na yankin tekunta ga tarun ja a 2007, amma da Leathwick da abokansa suka auna wuraren da taswirar kifaye a 2008, sai suka ga mafi yawansu na da zurfin da dama jirage ba sa zuwa, kuma da an bi taswira da an kare kifaye fiye da haka da fili daidai wannan. Ostireliya ta bi wata hanya a 2004. Ta raba babban yankin murjaninta gida 70 bisa halittun da ke ciki, ta tabbatar kowane gida ya sami rabonsa, har wurin da aka hana su ya tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33.

Hana su a wani wuri don a ci moriyarsa gaba ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ana tsare ruwan Matan Fada har sai an yi fashin ruwa, kuma Sarkin Ruwa bai zaɓi wurin da ka ba, gurbin da kifi ke taruwa ya zaɓa. A Filato ma akwai inda lissafin Fager zai yi aiki ba tare da jirgi ba. Haƙar kuza ta bar kududdufai birjik a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, wasu masu zurfi da tsayayyen baki, wasu sun cike da laka, wasu kuma masu lambu na ja da injin duk rani. Ɗalibi mai birgi da ma'aunin zafi da igiyar auna zurfi zai iya bin arba'in daga cikinsu, ya rubuta inda ya sami karfasa da inda ya sami tarwaɗa, ya fitar da rukunoni, ya nuna wa hukuma waɗanda suka cancanci a zuba musu iri da waɗanda ya kamata a ƙyale.