Motar Lantarki Ta Ƙi Caji, Dila Ya Ce Lafiyarta Lau: Darasi Daga Matsalar Ioniq 5 da EV6

Duk mai wayar salula ya san takaicin jona waya a caji da daddare, a wayi gari ko ɗigo ba ta ƙara ba. A sauya caja, a sauya kebul, a sakace bakin caji, daga ƙarshe mai gyara ya ce ai IC ɗin caji ne ya ƙone. To irin wannan ce ta sami ɗimbin masu motocin lantarki ƙirar Hyundai da Kia da Genesis a Amurka da Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe. Bambancin kawai shi ne, waya idan ta mutu aljihu take komawa, mota kuwa tana iya mutuwa da mutum a tsakiyar babban titi. Abin da ya fi ci wa masu motocin rai ma shi ne, wasu sun kai gyara wurin dila, an ce an gyara, bayan 'yan watanni matsalar ta dawo.

Batir Biyu Ne, Ba Ɗaya Ba

Kafin a fahimci matsalar, sai an san cewa motar lantarki batir biyu gare ta. Akwai babban batir da ke shimfiɗe a ƙarƙashin motar, wanda shi ke juya tayoyi. A Ioniq 5 da EV6 tsarin wannan batir na kusan volt 800 ne, shi ya sa a caja mai ƙarfin kilowat 350 yake tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin kimanin minti 18. Sai kuma ƙaramin batir mai volt 12, irin wanda ke cikin kowace motar fetur. Shi ke riƙe da fitilu, da makullan ƙofa, da allon gaban direba, da kwamfutocin motar. Shi ne ma ke kunna makunnin da ke haɗa babban batir da sauran motar. Don haka idan ƙaramin ya mutu, ko babban a cike yake maƙil, motar ba za ta motsa ba.

A motar fetur, altaneta ce ke cajin ƙaramin batir. Motar lantarki ba ta da altaneta. A waɗannan motoci na Koriya, aikin yana hannun wani akwati ne da ake kira ICCU. Ayyuka uku yake yi: yana karɓar wutar gida, wato AC, ya mayar da ita DC don cajin babban batir, yana rage ƙarfin wutar babban batir don ya ciyar da ƙaramin, sannan shi ke ba da damar jona kayan gida kamar firji ko fanka a jikin motar. Haɗe ayyukan wuri guda ya rage nauyi da kuɗi, amma kuma idan akwatin ya samu matsala, abubuwa da yawa ne ke tsayawa tare.

Yadda Abin Ya Faro

A watan Yunin 2023, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan Ioniq 5 ƙirar 2022 bayan ta karɓi ƙorafi 30. Da yawa daga masu ƙorafin abu ɗaya suka faɗa: sai a ji ƙara kamar wani abu ya fashe, gargaɗi ya bayyana a allo, daga nan ƙarfin motar ya fara raguwa har ta tsaya. Bincike ya nuna cewa wani transisto ne a cikin ICCU ke lalacewa saboda bugun wuta mai ƙarfi da yawan ɗaukar zafi da hucewa. Idan ya lalace sai ya ƙona fiyus, ƙaramin batir ya daina samun caji, motar ta ci gaba da cin ɗan abin da ya rage a cikinsa har ya ƙare.

A watan Maris na 2024 kamfanonin suka yi kiranyen motoci kusan 147,000 a Amurka, da wasu kusan 170,000 a Koriya ta Kudu, don a sabunta manhaja, a kuma sauya akwatin da fiyus ga waɗanda nasu ya taɓu. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A watan Nuwamban shekarar aka sake wani kiranyen a Amurka, wannan karon na motoci sama da 208,000: Hyundai da Genesis 145,235, Kia kuma 62,872. Ya shafi Ioniq 5 da Ioniq 6 da EV6, da GV60, da nau'in lantarki na GV70 da G80. Hatta waɗanda aka riga aka yi wa gyaran farko an ce su komo. Kamfanonin sun ƙiyasta cewa kashi 1 cikin 100 na motocin ne ke da lahanin, amma a cikin wannan adadi kashi 1 ma ya haura mota 2,000.

Me Ya Sa Dila Ke Cewa Bai Ga Komai Ba?

Babbar wahalar matsala mai zuwa tana tafiya ita ce, ranar da aka kai mota gareji ranar take nuna halin kirki. Makanike zai jona kwamfutar bincike, idan bai ga lambar kuskure ba, ya jona motar a cajar garejin ya ga tana karɓa, sai ya rubuta cewa ba a ga matsala ba. Ba lallai mugunta ba ce. Kamfanin da ya ƙera mota ba ya biyan dila kuɗin sauya kaya a ƙarƙashin garanti sai da hujja, kuma hujjar da aka fi yarda da ita ita ce lambar kuskuren da kwamfutar motar ta adana. A wannan kiranye, lambar da ake nema ita ce P1A9096. Idan an gan ta, a sauya ICCU da fiyus. Idan ba a gani ba, a sabunta manhaja a sallami mai mota.

Wani abin kuma, alamomin sukan yi kama da juna. Ƙaramin batir da ya tsufa yana iya sa mota ta riƙa nuna gargaɗi iri-iri, sai dila ya sauya batir, mota ta yi lafiya na mako biyu ko uku, sabon batirin shi ma ya mutu, domin abin da ke cajinsa ne ba ya aiki. Haka za a yi ta kai-komo, ana maganin zazzaɓi an bar ciwon da ke kawo shi.

Binciken da Mai Mota Zai Iya Yi da Kansa

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ke taƙaita wa makanike hanya. Na farko shi ne duba saitin motar: ko an ƙayyade caji ya tsaya a kashi 80, ko an saita lokacin da zai fara. Da dama daga abin da ake ɗauka lalacewa ce, a nan yake ƙarewa.

Na biyu shi ne gwada caja daban-daban. Idan motar ta ƙi caji a gida amma ta karɓa a wata cajar AC a wani wuri, to a tuhumi cajar gida, ko soket, ko wayarin. Idan ta ƙi a duk cajar AC amma tana karɓar caji mai sauri na DC, wannan babbar alama ce, domin cajin DC kai-tsaye yake shiga babban batir ba tare da ya bi ta sashen da ke juya wutar gida ba. Yatsa ya nuna ICCU ke nan.

Na uku shi ne lura da lokacin da cajin ke yankewa. Idan yana farawa lafiya, sai bayan rabin awa ko awa guda ya tsaya, sau da yawa zafi ne a bakin caji. Masu waɗannan motoci a Amurka sun koka da wannan musamman a cajar gida mai amp 48, har ta kai ga ƙarar haɗaka a kotu a 2023. A rage ƙarfin cajin daga saitin mota a sake gwadawa. Idan ya daina yankewa, an samu bakin zaren.

Na huɗu shi ne awon ƙaramin batir. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan volt 12.6. Idan an kunna mota ta shirya tafiya, ya kamata adadin ya haura 13, yakan kai wajen 14. Idan bai tashi ba, ko ma yana ta sauka, to ba a ciyar da shi. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake maƙala wa batir, tana aika wa waya bayani ta Bluetooth, ta zana yadda wutar ta hau ta sauka dare da rana. Irin wannan hoto hujja ce da ba ta da musu.

Iyakar binciken mai mota ke nan. Duk wayar wuta mai launin lemo a cikin motar lantarki tana ɗauke da wutar da ke kisa nan take, ba a taɓa ta sai wanda ya samu horo. Idan kuma gargaɗin wutar lantarki ya fito ana cikin tafiya, a nemi wuri mai aminci a tsaya tun motar na da sauran ƙarfi.

Yadda Ake Tunkarar Dila

Waya ita ce babban makamin mai mota a nan. Duk lokacin da matsalar ta faru, a ɗauki hoto ko bidiyon saƙon da ke allo, a rubuta rana, da lokaci, da irin cajar, da kashin da batir yake, da yanayin zafi. Kada a goge lambobin kuskure da na'urar bincike ta kasuwa kafin a je gareji, domin goge su kamar yaga takardar shaida ne.

A gareji kuma, kowace ziyara a karɓi takarda mai ɗauke da ƙorafin da aka kawo, da abin da aka duba, da abin da aka sauya, da lambar manhajar da aka ɗora, ko da sun ce ba su ga komai ba. A nemi su bar motar a caji na tsawon awanni a irin cajar da take ba da matsala, maimakon gwajin minti biyar. Idan an je sau biyu ba a dace ba, a tuntuɓi ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin da ya ƙera motar, a karɓi lambar ƙorafi, a nemi injiniyoyinsu su sa baki. Wani lokaci sauya dila kawai na warware abin, saboda ba kowane gareji ke da ƙwararren makaniken motar lantarki ba. A kuma tambayi motar aro tun farko, don wasu sun shafe makonni, wasu watanni, suna jiran sabon ICCU ya iso.

Waɗannan takardu suna da amfani ko a gaban shari'a. A jihar Kalifoniya misali, doka na ɗaukar mota a matsayin mai lahani idan cikin wata 18 na farko, ko mil 18,000, an gwada gyara matsala ɗaya sau huɗu ba ta gyaru ba, ko motar ta kwana sama da 30 a gareji. Daga nan mai ita na iya neman a sauya masa ko a mayar masa da kuɗinsa.

Ga Mai Shirin Sayen Tokumbo

Yawancin motocin da ake shigowa da su Najeriya na hannu ne, kuma Amurka na cikin manyan wuraren da suke fitowa. Gyaran kiranye kyauta ne a can, amma dilolin kamfani na ƙasar ne ke yinsa, garanti kuma galibi ba ya bin mota idan ta tsallaka teku, balle wadda aka sayo a gwanjon motocin haɗari. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a karɓi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a saka ta a shafin NHTSA, nan take zai nuna ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba. Idan akwai, a sa a yi shi tun motar na can.

A kuma duba bakin caji, domin na Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban, kuma adafta mara inganci na cikin abubuwan da ke jawo zafi da yankewar caji. Wutar da ke hawa tana sauka, da janareta maras wayar da aka binne a ƙasa, su ma sukan sa caja ta ƙi aiki alhali motar lafiyarta lau. Tambaya ta ƙarshe da ya kamata mai saye ya yi wa mai sayarwa ita ce: idan ICCU ya ƙone, wa zai kawo sabo, wa zai ɗaura shi, kuma a wane gari yake?