Banjo: Dangin gurmi da ya zama kayan kiɗan Ayalan

A ƙasashen Turai da Amurka, ba abin mamaki ba ne dattijo ya yi ritaya, sannan ya nemi tsohuwar banjo domin koyon kiɗan gargajiyar ƙasar Ayalan.

To sai dai duk wanda ya san gurmin 'yan kokawa ko garayar mafarauta a Zurmi, Shinkafi ko Ƙaura Namoda, ba zai ga banjo baƙuwa ba.

Asali

Masana tarihin kiɗa na cewa bayin da aka kwasa daga Afrika ta Yamma ne suka ƙirƙiro banjo a tsibiran Karibiyan a ƙarni na 17.

Ƙirarta ta farko ita ce ƙwarya da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya a kai, kamar dai yadda ake haɗa gurmi.

Masu bincike dai sun fi danganta ta da akontin na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, amma suna sanya gurmi da molo cikin danginta.

Tafiya Ayalan

Makaɗan Amurka ne suka kai banjo Birtaniya da Ayalan a shekarun 1840.

Amma ba ta zauna da gindinta a kiɗan Ayalan ba sai a shekarun 1960, lokacin da Barney McKenna na ƙungiyar The Dubliners ya yi fice da mai tsirkiya huɗu. Ya rasu a 2012.

Ƙungiyar Comhaltas, wadda aka kafa a 1951 domin raya kiɗan ƙasar, na da rassa a ƙasashe da dama, inda yaro da tsoho ke ɗaukar darasi.

Gado

A ƙasar Hausa kuwa, akasari kiɗa sana'a ce ta gado. Yaro kan fara da amshi a bayan mahaifinsa ko ubangidansa kafin ya kama kansa.

Don haka tsohon ma'aikacin da ya ɗauki garaya bayan ritaya zai sha tambaya, musamman ganin yadda wasu malamai ke ƙyamar kiɗa, kuma ana alaƙanta garaya da bori.

Illar dogaro da gado kaɗai ita ce, idan 'ya'ya suka bar sana'ar, salon gidan kan bi mai shi kabari.

Wannan barazana ta ƙaru a arewacin Zamfara, yankin da ya fitar da Ibrahim Narambaɗa Tubali da Kassu Zurmi, tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a shekarun 2010, suka tashi ƙauyuka tare da rage tarukan kokawa da farauta, inda makaɗa ke samun abinci, yara kuma ke koyo.