Makomar Sinadarin Fosfaras a Ginanniyar Fadama

Manufar wannan muƙala ita ce bayyana abin da ke faruwa da sinadarin fosfaras idan ƙazamin ruwa ya ratsa ginanniyar fadama, wato kwarin da aka haƙa da gangan, aka shimfiɗa masa tsakuwa ko yashi, aka dasa kacala da makamantanta domin tace ruwa. Wannan dabara ta samo asali ne daga gwaje-gwajen da Käthe Seidel ta yi a Jamus a shekarun 1950.

Fosfaras yakan shiga ruwa ta bayan gida da garin sabulu da takin zamani. Idan ya yi yawa a tafki, gansakuka kan mamaye shi, in ta ruɓe ta shanye iskar oksijin, kifi ya mutu. Shi naitirojin yana da mafita, domin ƙwayoyin bakteriya kan mayar da shi iska ya tashi. Fosfaras ba shi da irin wannan ƙofa. Ke nan fadama ajiye shi kurum take yi.

Ajiyar da ido ya fi gani ita ce ta tsirrai, amma ita ce mafi rauni. Abin da kacala ta zuƙa tana tsirowa, mafi yawansa yakan koma ruwa idan ganyen ya bushe ya ruɓe, sai fa in an yanke an kwashe. Ta biyu ita ce ƙasar kanta: fosfaras yakan manne wa baƙin ƙarfe da alminiyam da kalsiyam da ke cikinta. Saboda haka marmara da kashin maƙera sun fi tsakuwa zalla riƙo nesa ba kusa ba. Sai dai wuraren mannewar ƙidayayyu ne. Da zarar sun cika, fadamar da aka yaba a shekarunta na farko sai ta riƙa sakin ruwa kusan yadda ya shigo. Hasali ma, idan oksijin ya ƙare a cikin taɓo, ƙarfen yakan sauya yanayi ya saki abin da ya kama a da.

Ajiyar da ke ɗorewa ita ce dandaƙon ruɓaɓɓen ganye da laka da ke taruwa a ƙasa shekara bayan shekara, yana binne fosfaras. Tafiyarsa ta hawainiya ce, don haka yana bukatar fili mai faɗi. Jihar Fulorida ta Amurka misali ce. Fosfaras daga gonakin rake ya sa kacala ta kori ciyawar asali a dausayin Everglades, shi ya sa dokar 1994 ta tanadi gina fadamun tacewa, waɗanda faɗinsu ya haura eka 50,000. Mizanin da aka gindaya wa dausayin shi ne kashi 10 cikin biliyan ɗaya, kuma daga cikin tsirran da aka dogara da su wajen tacewar har da ita kacalar.