Kai ka ce ka iya, malam ya ce da saura: wa ya fi gaskiya?

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi a Guri, filin ƙwallon makaranta kan cika da ɗalibai. Mun sha ganin yaro ya baro filin yana kumbura don malamin wasanni ya ajiye shi a benci, alhali a ganinsa babu wanda ya kai shi iya yanka. Wani ma daga ranar ya daina zuwa atisaye ke nan. Haka ake asarar 'yan wasa tun kafin tauraronsu ya haska.

Cika baki ba shi kaɗai ke jawo wannan saɓani ba. A 1999, masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, David Dunning da Justin Kruger, sun yi wa ɗalibai jarrabawa, sannan suka ce kowa ya kimanta kansa. Waɗanda suka zo can ƙasa sun ɗauka sun fi yawancin abokansu, zaƙaƙuran kuwa suka rage wa kansu matsayi. Dalili shi ne, sai ka san abu sosai kake gane inda ka gaza a cikinsa.

A fili ma haka take. Kai kana tuna ƙwallon da ka zura a raga. Malam kuwa yana ƙirga sau nawa ka riƙe ƙwallo abokinka na tsaye ba kowa a kansa, da sau nawa ka ƙi dawowa taya tsaron gida.

Amma shi ma malam ba komai yake gani ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ya taya aikin shinkafa a fadama, ko ya yi sammakon su a kogi, yakan iso fili da gajiyar da fuska ba ta nunawa. Atisayen da malam ya ɗauka mai sauƙi, shi da ƙyar yake kai ƙarshensa. In kunya ta sa ya yi shiru, targaɗe ko ciwon gwiwa ke biyo baya.

Ga shawararmu, maza da mata. Masu horas da 'yan wasa a duniya kan yi amfani da ma'aunin gajiya daga 0 zuwa 10, wanda ya samo asali daga aikin Gunnar Borg na ƙasar Suwidin. Ku ware ɗan littafi, bayan kowane atisaye ku rubuta lambar gajiyarku. Duk mako kuma ku ba kanku maki a gudu, miƙa ƙwallo da tsaron gida, sannan ku roƙi malam ya rubuta nasa a gefe.

Inda makin ya sha bamban, ku tambaya cikin ladabi: "Malam, me zan gyara?" Ranar da jiki ya yi nauyi kuma, ku faɗa masa gaskiya: "Malam, yau daga gona nake." Kafin zangon karatu ya ƙare, ku sake buɗe littafin ku duba ko tazarar ta ragu.